Waya, 'Yar Maƙale ko Kunne: Da Me Ɗan Koyo Zai Saita Jita Ba Tare da Ya Tsinka Tsarkiya Ba?

Ɗan ƙanwata ya tsinka tsarkiya uku cikin mako biyu da sayen jitarsa ta farko, kuma duka ukun siririyar nan ce ta can ƙasa, wadda ake kira ta ɗaya. Jitar ta gwanjo ce, ya samo ta a wani shago a Adum, cikin birnin Kumasi na ƙasar Ghana, ya ɗora manhajar koyon kiɗa a wayarsa, yakan zauna da ita a ƙofar ɗakinsa a Aboabo bayan sallar isha'i. Da ta tsinke a karo na uku har ta tsaga masa bayan hannu, sai ya kawo mini jitar ya ce, "Kawu, ko dai manhajar nan ce ba ta da kyau, ko kuwa jabun tsarkiya ake sayar mana." Na ɗaura masa sabuwa, na ce ya saita jitar a gabana kamar yadda ya saba. Idonsa na kan wayar, babban yatsansa na dama yana kaɗa tsarkiya ta biyu, hannunsa na hagu kuwa yana murɗa kunnen ta ɗaya, wato ɗan maɓallin da ke kan jita wanda ake ɗaure tsarkiya ko sassauta ta da shi. Allurar da ke kan allon wayar ba ta motsa ba, domin tsarkiyar da take saurara ba ita ake ɗaurewa ba, shi kuma da ya ga ba ta motsa ba sai ya ƙara murɗawa. Na riƙe hannunsa na ce, "Dakata, ɗana. Bi tsarkiyar da kake kaɗawa da yatsa, ka ga a wane kunne ta ƙare."

Tun daga ranar nake son in rubuta wannan bayani, saboda tambayar da masu fara koyo suke yawan yi mini ita ce da me ya fi dacewa su riƙa saita jita: da manhajar waya, da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a kan jita, da manhajar da ake jona wa jita ta igiya, ko kuwa da kunne kamar yadda magabata suka yi. Kafin a kwatanta su, dole a san irin nauyin da tsarkiya take ɗauke da shi, domin wanda ya san wannan ba zai ƙara murɗa kunnen jita da gaggawa ba.

Jita mai tsarkiya shida ana saita ta ne a kan muryoyin da ake kira da haruffa E, A, D, G, B, E, daga mai kauri zuwa siririya. Mai kaurin tana kaɗawa kimanin sau 82 cikin daƙiƙa guda, ta biyar sau 110, ta huɗu kimanin 147, ta uku 196, ta biyu kimanin 247, siririyar kuma kimanin 330. Dukansu an auna su ne da wata muryar A ta can sama mai kaɗawa sau 440, wadda ita ce ma'aunin da akasarin makaɗan duniya suke bi a yau. Siririyar tsarkiyar jitar lantarki da aka fi amfani da ita kaurinta rubu'in milimita ne kawai, amma idan ta kai muryarta tana jan nauyin da ya haura kilo 7. A jitar katako mai tsarkiyar ƙarfe, ta ɗaya tana jan fiye da kilo 10, idan kuma aka haɗa duka shidan sukan haura kilo 70, wato buhun siminti guda da kusan rabin wani, rataye a wuyan jitar dare da rana. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda nauyin yake hauhawa. Muryoyin kiɗa matakai goma sha biyu ne da suke zagayowa, kuma duk matakin murya guda da aka ƙara, nauyin yana ƙaruwa da kimanin kashi 12 cikin ɗari. Matakai uku sun kai kashi 41, huɗu sun kusan kashi 60, wanda kuma ya ce zai zagaya matakai goma sha biyu ya koma kan harafin da ya baro, to ninki huɗu yake nema. Siririyar tsarkiya ba ta da wannan sarari. Tun tana kan muryarta daidai ta riga ta kusanci iyakar ƙarfinta, matakai kaɗan a sama da E sai ta rabu biyu.

Manhajar waya ita ce kowa yake farawa da ita, kuma ban ga laifin hakan ba, tunda wayar tana aljihu kuma saitin da aka saba ana samunsa kyauta. Waɗanda aka fi gani su ne GuitarTuna, ta kamfanin Yousician na ƙasar Finlan, da Fender Tune, ta kamfanin Fender na Amurka. Babban alherinsu ga ɗan koyo shi ne suna nuna hoton kan jita da kunnuwanta shida, suna faɗa da rubutu ko da alama cewa murya ta yi ƙasa ko ta yi sama, kuma idan aka taɓa harafin wata tsarkiya sukan kaɗa muryar da ake nema domin kunne ya ji. Wannan na ƙarshe shi ne abin da na fi daraja a cikinsu, kuma shi ne yara suka fi tsallakewa. Wanda ya ji muryar da ake nema kafin ya taɓa kunnen jita yana da wani mashaidi na biyu bayan allura, ko da kunnensa bai riga ya goge ba, domin bambancin murya mai zurfi da mai tsini ba ya ɓuya ga kowa.

Raunin manhajar waya yana cikin makirufo. Waya ba ta san jita ba, duk abin da ya shigo kunnenta shi take aunawa. A unguwa irin Aboabo ko Asawase, inda rediyon maƙwabci, injin niƙa, janareta da masu keken haya suke aiki a lokaci guda, allura takan yi ta rawa, ɗan koyo kuma ya ɗauka jitarsa ce ba ta zauna ba. Akwai kuma wata matsala da ba ta da alaƙa da hayaniya. Kowace tsarkiya idan an kaɗa ta, ban da asalin muryarta tana fitar da wasu ƙananan muryoyi a sama, ninki biyu, ninki uku, da sauransu. Ninki uku na 82 ya faɗo daidai wajen 247, wato muryar tsarkiya ta biyu. Makirufon waya kuwa ba ya kama murya mai zurfi da kyau, saboda haka idan an bar manhajar a tsarin da take zaɓar tsarkiya da kanta, wani lokaci mutum ya kaɗa ta shida, ita kuma ta yi tsalle ta nuna masa wani harafi dabam. Maganin wannan yana da sauƙi: a kashe tsarin zaɓa da kai, a taɓa harafin tsarkiyar da ake so da yatsa, a danne sauran biyar ɗin da tafin hannu kada su yi amo, a ajiye wayar a kan cinya kusa da bakin jitar.

Hoton kan jitar ma yakan ruɗar. Jitar katako yawanci kunnuwa uku take da su a sama, uku a ƙasa, yayin da jitar lantarki irin Stratocaster ta jera duka shidan a gefe guda. A mai uku da uku, kunnen da ya fi kusa da wuya a sama shi ne na ta shida, sai ta biyar, sai ta huɗu a can ƙarshe. A ƙasa kuwa na can ƙarshe shi ne na ta uku, na tsakiya ta biyu, na kusa da wuya ta ɗaya. Hannu yana komawa jerin ƙasa sai mutum ya ji kamar juyin ya sauya, inda yake ɗaurewa a dā yanzu sassautawa yake yi. Sannan ga lissafin tsarkiyoyin kansa, wanda yake farawa daga siririyar da ta fi kusa da ƙasa, alhali idon mai riƙe da jita mai kaurin yake fara gani. Idan manhajar tana ba da damar zaɓar siffar kan jita, a zaɓi wadda ta yi daidai da ta hannu tun ranar farko.

Hanya ta biyu ita ce 'yar na'urar da ake maƙalawa a kan jita, wadda zan kira 'yar maƙale domin taƙaitawa. Kamfanoni irin su Snark, Korg da D'Addario suna ƙera ta, kuma ba ta wuce girman akwatin ashana ba. Ba ta sauraren iska, girgizar katakon jitar take ji, shi ya sa ko ana biki da lasifika a bakin layi za ta yi aikinta. A nan ta yi wa waya nisa ƙwarai, kuma ga mazaunin zango wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta buƙatar intanet, ba ta cin cajin waya ranar da aka ɗauke wuta, ba ta katse mutum da talla, kuma tana zaune a kan jitar daidai inda hannun hagu yake aiki, ta yadda ido yana ganin allonta yana kuma ganin kunnen da ake murɗawa. Kuskuren da ɗan ƙanwata ya yi, na kallon waya a kan tabarma hannu kuma yana lalube a sama, yana raguwa sosai da ita saboda wannan dalili kaɗai. Yawancinsu suna aiki da ɗan batir mai faɗi kamar kwabo, mai lamba CR2032, wanda ake samu wurin masu gyaran agogo. Idan ya yi sanyi allon yakan dushe, karatun kuma ya fara jinkiri, don haka yana da kyau a ajiye guda a jakar jita.

Sai dai 'yar maƙale ba ta magana, kuma a nan haɗarinta yake. Yawancinsu suna zuwa ne a tsarin da yake gane dukan matakai goma sha biyu, saboda haka duk harafin da murya ta fi kusa da shi, shi za ta nuna, kuma idan murya ta zauna a tsakiyarsa sai allon ya yi kore. Koren nan yana nufin an dace da harafin da ke rubuce ne kawai, ba ya nufin harafin shi ne wanda ake nema. Na ga yaron da ya saita ta ɗaya a kan F yana murna domin ya ga kore. Wanda zai yi amfani da ita dole ya haddace jerin matakan: A, A#, B, C, C#, D, D#, E, F, F#, G, G#, sannan a koma A (alamar # tana nufin mataki guda sama da harafin). Idan kana neman E ka ga D ko D#, ba ka kai ba, sai ka ɗaure. Idan ka ga F ko F#, ka wuce, sai ka sassauta. Wanda bai san wannan jeri ba, idan ya wuce E bai lura ba, sai ya ga F, ya ga G, ya ci gaba da murɗawa da fatan E za ta sake zagayowa, tsarkiyar kuwa ba za ta kai can ba. Wasu daga cikinsu suna da tsarin jita, wanda yake nuna lambar tsarkiya tare da harafinta, kamar 6E ko 1E. Mai saye ya nemi irin wannan, ya kuma sa mai shago ya kunna masa ya gani. Akwai kuma wani maɓalli da ke canza ma'aunin 440 zuwa wata lamba, wanda yakan dannu cikin jaka ba da niyya ba. Duk ranar da jita ta ƙi haɗuwa da manhajar darasi alhali allon yana kore, lambar nan za a fara dubawa.

Manhajar da ake jona wa jita ta igiya, wadda ta fi shahara a cikinsu Rocksmith ce ta kamfanin Ubisoft, da ta fito a 2011, ba kowa ne zai iya ba, domin tana son jitar lantarki, kwamfuta ko na'urar wasa, da wutar da ba ta yawan ɗaukewa. Ga wanda yake da waɗannan, sautin da take karɓa ya fi na kowa tsabta, kuma tana bi da mutum tsarkiya bayan tsarkiya, kowace da launinta. Abin lura a nan shi ne waƙoƙin ciki ba saiti ɗaya suke da shi ba. Wata tana son a sauke dukan tsarkiyoyi mataki guda, wata a sauke ta shida kaɗai zuwa D, wata kuma a koma saitin da aka saba. Ɗan koyon da yake tsalle daga waƙa zuwa waƙa zai iya ɗaurewa da sassautawa sau biyar a zama guda, kuma ƙarfe yana gajiya a inda ya lanƙwasa a jikin sandar kunne, kamar yadda waya take karyewa idan an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Ya fi kyau a tara waƙoƙi masu saiti ɗaya a yi su tare. Idan jakin jitar, wato inda tsarkiyoyi suke hawa a jikinta, mai lilo ne, irin wanda ake lotsawa da sanda, ɗaure tsarkiya guda yakan sassauta sauran, saboda haka sai an zagaya su sau biyu ko uku a hankali kafin su zauna.

Kunne kuwa shi ne hanyar da kiɗan jita ya tashi da ita a ƙasar nan. Lokacin da ƙungiyar Kumasi Trio ta ɗauki "Yaa Amponsah" a faifai a Landan a 1928, babu wata allura da ke nuna wa makaɗi kore ko ja. Masu molo da garaya da gurmi namu ma har yau da kunne suke ɗaure tsarkiya, suna daidaita ta da muryar mawaƙi. A jita hanyar sananniya ce: a danna ta shida a gaɓa ta biyar, cikin gaɓoɓin nan da aka raba wuyan jita da su, muryar da ta fito ita ce ta tsarkiya ta biyar a sake; haka ake bi har ƙasa, ban da ta uku, wadda ake dannawa a gaɓa ta huɗu domin a samu ta biyu. Ina son kowane ɗan koyo ya iya wannan, domin wanda ya iya shi zai ji cewa jitarsa ta kauce tun kafin ya nemi na'ura. Amma ba na ba da shawarar a dogara da shi kaɗai a watannin farko, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, hanyar tana daidaita tsarkiyoyi da junansu ne kawai. Idan aka fara da ta shida tana sama da muryarta da matakai uku ko huɗu, mai kaurin za ta iya jurewa, amma kuskuren zai bi jerin har ya isa kan siririyar, ita ce za ta biya bashin. Na biyu, manhajar darasi tana sauraren murya ne bisa ma'aunin 440, don haka jitar da ta yi daɗi a kunne amma ta kauce wa ma'aunin, duk abin da aka kaɗa da ita manhajar za ta ce kuskure ne, yaro kuma ya karaya yana zaton yatsunsa ne ba su iya ba.

Ba kowace tsinkewa ce laifin hannu ba, kuma inda tsarkiya ta rabu yakan nuna dalili. Idan kullum a wajen jaki take tsinkewa, wataƙila akwai kaifi a inda take hawa, sai a kai wa mai gyara ya goge shi. Idan a sandar kunne ne, ko dai an wuce murya, ko bakin ramin sandar yana da kaifi. Idan a tsakiya ne, yawanci tsatsa ce, kuma tsatsa ba baƙuwa ba ce a Kumasi mai damina biyu, balle a Accra inda iskar teku take ɗauke da gishiri; goge tsarkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane zama yana ƙara musu kwana. Da hunturu katako yakan bushe ya motsa, saiti ya riƙa kaucewa fiye da kullum, wannan ba lalacewa ba ce. Idan ana murɗawa murya ba ta motsi, sai can a ji wani ɗan ƙas ta yi tsalle, to tsarkiyar tana maƙalewa ne a tsagin ɗan ƙashin nan da ke saman wuya, kuma goga bakin fensir a cikin tsagin yakan sa ta riƙa zamewa. A jitar katako mai tsarkiyar ƙarfe, ta uku ma tana yawan tsinkewa, domin zaren ƙarfen da ke cikin naɗinta siriri ne. A mai tsarkiyar nailan kuwa ta huɗu ce aka fi sani da haka. Jitar da aka ƙera domin nailan kada a kuskura a ɗaura mata ƙarfe, nauyin zai iya ɗaga jakinta ko ya lanƙwasa wuyanta. Jitar gwanjo kuma a canza mata duka shidan tun farko, tunda ba a san shekarun da suka yi a kanta ba.

Idan aka ce in zaɓa wa mai farawa, ga yadda nake gani. Wanda kuɗinsa ya ƙare a sayen jita ya tsaya a kan manhajar waya, ba zai rasa komai ba matuƙar ya riƙa zaɓar tsarkiya da yatsansa, ya saurari muryar da ake nema, ya kuma shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Wanda yake da ɗan abin da ya rage, musamman mazaunin gidan haya mai yawan jama'a, ya sayi 'yar maƙale mai tsarin jita, amma ya yi makonni biyu na farko yana haɗa ta da wayar: wayar ta kaɗa masa murya ya ji inda za shi, 'yar maƙale ta nuna masa ya kai ko bai kai ba. Ni a ganina wannan haɗin ya fi kowanne shi kaɗai, domin ɗayar tana cike giɓin ɗayar. Manhajar igiya kada a saye ta domin saiti kawai. Kunne kuma a riƙa ba shi minti biyu kowace rana bayan na'ura ta gama aikinta, a danna gaɓa ta biyar a ji yadda muryoyi biyu suke narkewa su zama ɗaya.

Ko wace aka zaɓa, aikin hannu ɗaya ne. A bi tsarkiya da yatsa har zuwa kunnenta kafin a taɓa shi. A kaɗa ta tana amo sannan a murɗa, kuma kada murɗi guda ya wuce rubu'in zagaye. Idan an murɗa sau biyu murya ba ta canza ba, a tsaya, domin kusan tabbas kunnen wata ake riƙe da shi. Idan an shiga shakka ko an wuce ko ba a kai ba, a sassauta tukuna, tunda sassautawa ba kasafai take tsinka tsarkiya ba, sannan a hau zuwa muryar daga ƙasa, wanda shi ne ma yake sa saiti ya daɗe. Sabuwar tsarkiya takan yi ta sauka a kwanakin farko, ta nailan ma ta fi daɗewa tana yi. A ɗan ja ta da yatsa a hankali daga tsakiya, a sake saitawa, kada a ce za a wuce muryar domin a riga ta. Fuska kuma a kawar da ita daga saitin tsarkiya yayin ɗaurewa, saboda idan ta tsinke bulala take yi.

Ɗan ƙanwata ya koma Adum ya sayo 'yar maƙale da siraran tsarkiyoyi biyu na ajiya, domin wasu shagunan suna sayar da ta ɗaya ita kaɗai ba sai an sayi duka shidan ba. Na rubuta masa jerin matakai goma sha biyun a ɗan kwali, ya liƙa a bayan kan jitar inda babban yatsansa yake hutawa. Da na leƙa shi bayan wata guda, na tarar yana koya wa ƙanensa, yana cewa, "Kar ka murɗa tukuna, bi ta da yatsa." Tsarkiyoyin ajiyar biyu suna nan cikin takardarsu a aljihun jakar jitar.